Jan jatan landen Palamos: daɗinsa, tsadarsa, da ƙullin zaren da na tarar a tumbinsa

Yuro 159 muka biya mu uku, ni da uwargida da 'yarmu ta fari. A shagona wannan kuɗin ɗinkin kaftani huɗu ne da wandunansu, har da aikin wuya. Na fara da kuɗin ne domin mai karatu ya san wurin da zan yi magana a kai ba na zuwa kowane mako ba ne. Ban yi da-na-sanin biyansu ba. Sai dai na ga wani abu a farantina a daren, wanda har yau da na zauna a kan keke yake faɗo mini a rai, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin gidan abincin dalla-dalla.

Ni tela ne. A Fagge na koyi ɗinki, yau shekara goma sha shida ina zaune a Salt, garin da ke manne da Jirona a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Ina yi wa 'yan'uwanmu ɗinki, Hausawa da mutanen Gambiya da Senegal da Mali, ina kuma rage wa Turawan unguwa tsawon wando da sauya musu zif. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa sa jan jatan landen Palamos a baki ba, alhali garin bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga ƙofar gidana ba. Ina dai ganinsa a kasuwa kwance a kan ƙanƙara, in dubi farashi in yi gaba. Da yarinyar ta gama digirinta na ilimin halittu a jami'ar Jirona, na ce, "Uwata, zaɓi abin da kike so." Sunan mahaifiyata gare ta, haka nake kiran ta tun tana zanin goyo. Ta ce, "Baba, ka kai ni in ci jatan landen nan. Na yi watanni ina karanta abin da ke cikinsa, ban san ɗanɗanonsa ba."

Ranar Juma'a muka tafi, cikin watan Yuli, bayan an sauko daga masallaci. Ita ta zaɓi ranar, domin jiragen masunta ba sa fita Asabar da Lahadi. Mun isa tashar jiragen ƙarfe huɗu ta gota, daidai lokacin da suke shigowa ɗaya bayan ɗaya, tsuntsayen teku na biye da su suna kuka. Ana sauke kifin cikin akwatunan roba an barbaɗa masa ƙanƙara, a wuce da shi ɗakin gwanjo. Gwanjon nan a juye yake da wanda muka sani: farashi daga sama yake farawa yana sauka, dillalin da ya fara danna maɓalli shi ya saya. Mu a kasuwar kifin da ke gefe muka tsaya, inda kowa zai iya sayen na gida.

A nan na fara kallon abin da kyau. Jatan landen da muka saba gani sai ya ji wuta yake yin ja. Wannan tun yana ɗanye ja ne wur, kamar an tsoma shi a rini, idanunsa manya, gashin bakinsa ya fi jikinsa tsawo. Na ga wasu da launin shuni a cikin kai, yarinyar ta ce mata ne masu ƙwai, bazara ce lokacinsu. A wani kwazazzabo da ke ƙarƙashin teku ake kamo su, sunansa La Fonera, bakinsa na kusa da gaɓa ƙwarai. Masunta suna jan koma a zurfin mita 400 zuwa 800, inda duhu ne kusan kullum, ruwan kuma sanyinsa ba ya sauyawa rani da damina. Tun 2013 masuntan garin suke da tsarin da suka amince da shi tare da hukuma: suna ajiye aiki kimanin wata biyu a shekara don ƙanana su girma, sun kuma faɗaɗa idon koma. A 2012 masu bincike na Barsalona sun nuna yadda jan komar ya baje bangon kwazazzabon kamar gonar da aka bi da garma, daga baya masuntan suka sauya ƙarafan da ke buɗe bakin koma zuwa waɗanda ba sa kartar ƙasa sosai. Duk wannan yana cikin kuɗin da za ka biya a faranti, kuma ni a ganina halal ɗinsu ne.

Gidan abincin ba a bakin ruwa yake ba, yana layi na biyu daga tashar, tebur tara ne kacal a ciki. Ba zan faɗi sunansa ba, domin zan faɗi laifinsu, su kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Wata dattijuwa ce ke riƙe da shi, ɗanta na kan wuta, sai wani matashi da ke kai abinci. Ba sa kunna murhu sai ƙarfe takwas na dare, don haka muka yi la'asar kusa da mota, muka zaga gidan tarihin kamun kifi da ke cikin tashar, muka zauna bakin ruwa har lokaci ya yi.

Laifin farko na matashin ne. Na gaya masa ba ma shan giya, ba ma kuma cin abin da aka dafa da ita. Ya kwashe kofunan giyar daga tebur, wannan ya kyauta. Da na tambaye shi ko akwai giya a romon shinkafar da muka zaɓa, sai ya ce babu, bai ko waiwaya wajen madafa ba. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, yaron nan bai tambaya ba. A kira babbar." Da dattijuwar ta zo, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce suna zuba farar giya kaɗan tun wajen soya albasa da tumatir, amma za ta sa a ɗora mana sabuwa daga farko, in za mu iya jiran minti arba'in. Muka ce za mu jira. Duk Musulmin da zai je irin waɗannan wurare a gaɓar nan, ya tambayi mai girkin da bakinsa. Shi jatan landen kansa ba mu da damuwa a kansa, a mazhabar Malikiyya da muka taso a ciki abin da ke cikin teku halal ne.

Guda tara muka ce a kawo, manya, gram 350, a kan Yuro 20 kowane gram ɗari. An kawo su a kan tire an nuna mana suna ɗanye kafin a gasa. Gashin ba wani dogon aiki ba ne: a shimfiɗa gishiri mai tsakuwa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a jera su, a ɗiga man zaitun, kowane gefe bai cika minti biyu ba a sauke. Ba albasa, ba tafarnuwa, ba barkono. Uwargida ta taho da ƙullin yajinta a jaka kamar yadda ta saba, har muka tashi ba ta kwance shi ba. Naman yana da laushi, yana da wani zaƙi-zaƙi da ban taɓa ji a abin ruwa ba, gishirin da ya manne a ɓawon kuma yana bin yatsa ya sadu da shi a baki. Mun yi shiru mu uku na ɗan lokaci, sai ƙarar ɓare ɓawo.

Na ture kawunan gefe guda kamar yadda nake yi da na kanti. Dattijuwar tana wucewa ta gani, ta tsaya ta ce, "Ranka ya daɗe, kan ne ka biya wa kuɗi." Da yarensu ta faɗa, amma ma'anar ke nan. Ta nuna mini yadda ake yi: a kama kan, a kafa baki a inda aka tsinke shi, a zuƙa. Na gwada. Duk wanda ya san daɗin tsotsar ɓargo daga ƙashin saniya ya san rabin labarin. Ruwa ne mai kauri, ja-ja, da maiƙo da ɗan ɗaci a ƙarshe, ƙamshin teku ya cika maka hanci. Na zuƙe biyu a jere.

Yarinyar ba ta taɓa nata ba. Cikin ladabi ta tambayi dattijuwar ko ta san maganar zaren roba da ake samu a tumbin wannan jatan lande, tunda tumbin a cikin kai yake. Na ji kunya ta kama ni, na ɗauka matar za ta ɓata rai, tebur biyu na kusa da mu suna ji. Ba ta ɓata ba. Ta ce ta sani sarai, kowa a tashar ya sani. Ta ce ƙanenta ya yi shekara talatin a jirgi, babu ranar da koma za ta fito daga kwazazzabon ba tare da leda da gorar ruwa da tsummokaran goge jiki ba. Ta shiga ciki ta dawo da farin faranti da ƙaramar wuƙa, ta ɗauki kai ɗaya ta tsaga shi ta sama, ta nuna mana wata 'yar jaka a bayan idanu, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ce, "Ga shi nan. Jikokina ni nake cire musu wannan kafin su zuƙa, kuma ba na barin su wuce biyu." Daga nan ta bar mana farantin da wuƙar ta koma aikinta.

Wannan abin da ta yi shi ne dalilin da zan sake taka gidan. Mace ce da abincinta ya dogara da kan jatan lande, an tambaye ta aibinsa a gaban baƙi, ta ɗauko wuƙa ta buɗe shi da hannunta.

Tela ba ya rabuwa da allura. Akwai guda a maƙale a cikin walat ɗina, na zaro ta, na sa tabarau, yarinyar ta haska mini da fitilar waya. Muka ciro jakar daga kawuna bakwai da suka rage, na riƙa farke su ɗaya-ɗaya a kan farin farantin. Biyar ba komai sai baƙin dagwalo da ɓurɓushin ɓawo, abin da suka ci ke nan a ƙasan teku. A ta shida na ja wani sili shuɗi, siririn gaske, tsawonsa bai kai faɗin farce ba. A ta bakwai allurar ta maƙale. Na ɗago ta, sai ga ƙulli kamar ƙwayar riɗi, na sa bakin allura ina warwarewa, silin baƙi da shuɗi da wani ja guda ɗaya sun sarƙe da juna. Na san wannan ƙullin. Shi ne wanda nake cirowa a ƙarƙashin bobin duk ranar da keke ya cije, sai dai wannan ƙarami ne, kuma daga zurfin da ba a taɓa ɗinka ko maɓalli ba ya fito.

Uwargida ta ajiye cokali ta ce, "Innalillahi. Malam, ai zare ne."

Jiran shinkafar ya ba yarinyar fili, ta yi mana bayani, ni kuma ina ta tambaya. Ta ce duk ɓurɓushin robar da bai kai milimita biyar ba shi masana ke bibiya, kuma wanda aka fi samu a cikin waɗannan halittu sili ne irin na tufafi da igiya da koma. Masu bincike na jami'ar Autonoma ta Barsalona, ƙarƙashin aikin wata mai suna Ester Carreras-Colom, sun buɗe tumbin wannan jatan landen, suka bayyana a 2018 cewa sun sami roba a kusan huɗu cikin goma. A 2020 suka fitar da wani binciken da ya haɗa gaɓar nan tamu da ta Barsalona da bakin kogin Ebro, suka sami sili a uku cikin huɗu, da yawa kuma ya riga ya zama ƙulli irin wanda ke kan farantina. Na gaban Barsalona sun fi na sauran wuraren tara shi nesa ba kusa ba. Na ce to ai mu biyu muka samu cikin bakwai. Ta ce, "Baba, da ido da allura ka duba. Su da madubin ƙara girma suke dubawa."

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin ƙullewar. Ashe jatan lande da ƙaguwa da danginsu ba a baki suke tauna ba. A cikin tumbi suke da wasu haƙora masu aiki kamar dutsen niƙa, bayansu kuma akwai matata da ba ta barin abu ya wuce hanji sai ya yi laushi. Sili dogo ne, ba ya niƙuwa da sauƙi, ba ya kuma bi ta matatar. Sai ya zauna yana juyawa tare da abinci, wani ya zo ya same shi, su nannaɗe. Mafitarsa ita ce saɓa: idan dabbar ta tuɓe tsohon ɓawonta, shimfiɗar tumbin ma tana fita tare da shi. Binciken na 2020 bai ga alamar cewa ƙullin ya rage wa jatan landen lafiya ba, ta faɗi wannan sau biyu don kada in ƙara gishiri idan na zo ba da labari. Amma a wani danginsa mai dogayen hannuwa, wanda ake kamawa a tekun Kilaid na Sikotlan, an sami roba a tumbin kashi 83 cikin ɗari tun a 2011, daga baya kuma gwaji ya nuna wanda ke ɗauke da ita yana rage ci yana ramewa. A tekun Sardiniya, a 2020, an gano cewa dutsen niƙan nan yana farfasa gutsuren roba ya fitar da shi ƙanana fiye da yadda ya shiga, wato ya zama daidai bakin halittun da suka fi shi ƙanƙanta.

Na tambaye ta ko akwai zurfin da abin bai kai ba. Ta ce a 2019 wani masani, Alan Jamieson, da abokan aikinsa na jami'ar Niyukasil ta Ingila sun duba wasu ƙananan dangin jatan lande daga shida cikin ramuka mafi zurfi a tekun Fasifik. Kashi 72 cikin ɗari na ɗauke da sili ko gutsure. Waɗanda aka ɗauko daga ramin Mariyana, kusan kilomita goma sha ɗaya ƙasa, babu ko ɗaya da ya tsira. A 2020 aka bayyana wani sabon nau'i daga ramin, wanda ba a taɓa sani ba, aka tarar da silin roba irin ta gorar ruwa da yadin foliyesta a hanjin ɗaya daga cikinsu, sai aka raɗa masa suna Eurythenes plasticus, wato sunan roba. Ranar da ɗan'adam ya fara ganinsa, ya tarar sharar gidansa ta riga shi isa.

Daga nan maganar ta zo gida, kuma ni na jawo ta. Kogin Ter ta gefen Salt yake wucewa, ina ganinsa duk yammar da na fita miƙe ƙafa. Garin ma asalinsa na masaƙu ne, tsohuwar masaƙar Koma Kuros tana nan an mai da ita gidan al'adu da karatu. Ruwan wankin gidajenmu yana zuwa matatar ruwan datti, daga can ya faɗa Ter, Ter kuma ya shiga teku arewa da Palamos kaɗan, igiyar ruwan gaɓar nan kuwa kudu take yi. Matatar tana kama mafi yawan silin, amma ba duka ba, kuma idan aka yi ruwa mai ƙarfi irin na guguwar Guloriya a Janairun 2020, da idona na ga yadda kogin ya kwashi duk abin da ya samu. Kwazazzabo kuwa mazurari ne, abin da ya gangaro daga tudu can yake tarawa. Wani bincike na jami'ar Filimot a 2016 ya nuna wanki ɗaya na kilo shida na kayan akirilik zai iya zubar da sili fiye da 700,000. Ni kuma a shagona akwai injin wanki da nake sa sabon yadi a ciki kafin in yanka, akwai keken wibin da ke aske gefen yadi yana zubar da gari tun safe har dare. Yawancin mayafai da leshi da yadin makaranta da ake kawo mini yanzu roba ce zalla. Shekara da shekaru, idan na tashi aiki, ina share garin nan in bi da tsumma mai ruwa, in matse tsumman a makwarara.

Ba na cewa jan silin da na gani daga shagona ya fito. Ina cewa hanya a buɗe take daga makwararata zuwa inda aka kamo shi.

To a zuƙi kan ko a bari? Ga yadda na yanke wa kaina. Naman wutsiya ba a nan silin yake taruwa ba, a tumbi yake, cire tumbin kuma aikin daƙiƙa biyar ne da bakin wuƙa. Wanda ya ci jatan lande uku a shekara bai kai ko kusa da abin da yake haɗiya a ɗakinsa ba. Yarinyar ta ce a 2018 an yi wani gwaji a Sikotlan da ya nuna silin da ke sauka a faranti daga ƙurar ɗaki lokacin cin abinci ya fi wanda mutum ke samu daga cin kifin kwanso yawa sosai. Na tuna yadda nake cin abincin rana a kan teburin yanka, na yi shiru. Abin da ya fi dacewa a kula da shi a kan jatan lande wani ƙarfe ne mai suna kadmiyum, wanda ke taruwa a hantarsa, ita ce kuma mai ba ruwan kan daɗi. Yana taruwa a ƙodar mutum a hankali. Tun 2011 hukumar kula da lafiyar abinci ta Sifaniya ta ba da shawarar a taƙaita cin wannan ɓangare. Shi ya sa dattijuwar ta tsayar wa jikokinta kai biyu. Ni na zuƙi na uku bayan an cire jakar, uwargida ta ɗanɗana ɗaya ta ce ya ishe ta, yarinyar ta zuƙi biyu tana lumshe ido. A gida kuwa, busasshen jatan landen da ake kawowa daga kudu, wanda mata ke saya a Sabon Gari su daka su zuba a miya, da kansa da tumbinsa ake dakawa. Uwargida ce ta tuna da wannan, ba ni ba.

Shinkafar ta iso ƙarfe tara da kwata, a faffaɗan kasko mai hannu biyu, shinkafar Pals ce da ake nomawa a fadamar bakin Ter. An dafa ta da romon kawunan kifi da ƙananan jatan lande, ta yi ruwan ƙasa, ƙwayarta a tsaye. Ƙasan kaskon ya kama, kuma da gangan ake kama shi, suna ji da shi ƙwarai. Uwargida ta kankare shi tas tana cewa ƙanzo ko'ina ƙanzo ne. Gishiri ya ɗan yi mata yawa a bakina, kuma Yuro 48 na mutum biyu ya yi tsada idan aka dubi abin da ke kanta. Salak ɗin ganye ne da tumatir da albasa, ba abin da za a faɗa a kai. Burodin da aka goga wa tumatir ba mu ce a kawo ba, aka kawo, aka kuma sa mana Yuro 6 a takarda. Banɗakinsu a sama yake, matakalar ƙunci gare ta, tsoho ko mai ciwon gwiwa zai sha wuya.

Laifin da ya fi ci mini rai ya zo ne a ƙarshe. Hannuwanmu sun yi maiƙo har wuyan hannu, sai matashin ya ajiye mana 'yan fakiti uku na tsumman goge hannu mai ƙamshin lemon tsami. Na yaga ɗaya na ja shi tsakanin yatsuna, ya miƙe bai yage ba. Ko ban duba ba na san da roba a ciki, amma na duba: ga tambarin kunkurun teku a jikin fakitin, wanda Tarayyar Turai ta wajabta tun 2021 a kan duk irin wannan tsumma mai roba. Irinsa ne matar ta ce ƙanenta na cirowa daga koma. Da ta zo karɓar kuɗi na gaya mata, na ce a garinmu buta da kwano ake zagawa da su bayan an ci abinci, ruwan ɗumi da yankin lemo ya wadatar. Ta ce gaskiyata ne, da can haka mahaifiyarta ke yi, amma kwano tara sau biyu a dare yana son ƙarin hannu a wajen wanke-wanke, ita kuma ba ta da shi. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Na ji daɗin da ba ta yi mini daɗin baki ba, amma uzurin bai gamsar da ni ba.

Ƙullin na naɗe shi a takarda na taho da shi. Washegari da safe, kafin in buɗe shago, na yi masa gwajin da maigidana ya koya mini a Fagge don gane yadin da aka ce auduga ne a Kantin Kwari. Auduga idan ta ji wuta ci take yi ta bar toka mai laushi da warin ƙonanniyar takarda. Roba kuwa tsukewa take yi ta guje wa wutar, ta narke ta dunƙule. Na soke ƙullin a bakin allura na kusantar da ashana. Wani ɓangare ya yi fau ya zama toka. Sauran ya tsuke ya koma baƙin ɗigo mai tauri, na murza shi da farce bai fashe ba. Da na gaya wa yarinyar, ta ce hakan ya yi daidai da wani bincike na jami'ar Barsalona na 2018, wanda ya tarar mafi yawan silin da ke kwance a ƙasan zurfin tekunan kudancin Turai na dangin auduga ne da aka rina, sauran kuma foliyesta da akirilik da nailan. Wato shaddar da nake alfahari da ita ma tana da nata kason.

Tun daga ranar na daina matse tsumma a makwarara. Garin keken wibin da busasshen burushi nake tara shi, ya shiga jaka tare da ƙyallayen da ba su da amfani, a ɗaure a kai shara. Na sa matata a bututun da injin wanki ke zubar da ruwa, duk wanki takwas ko goma nake buɗe ta. Abin da nake kwasowa kamar jiƙaƙƙiyar auduga ne mai ruwan toka, cikin cokali biyu, wani lokaci da launin yadin da na wanke a makon. Abincin rana kuma na koma ci a bayan shago, nesa da teburin yanka.

Wanda zai je, ya je tsakanin Talata da Juma'a, ya kira ya kama tebur tun da rana, ya kuma tabbatar ba lokacin hutun masunta ba ne, don a lokacin abin da za a ba shi ba na ranar ba ne. Ya ce a nuna masa su ɗanye: kan da ya fara baƙi ya kwana. Matsakaita sun fi manya sauƙin kuɗi sosai, dattijuwar da kanta ta ce ɗanɗanonsu ɗaya ne, su zan saya idan na kai ƙanin uwargida a watan Satumba. Ya roƙi farin faranti da ƙaramar wuƙa tun farko, za a ba shi. Ya kuma taho da ɗan tawul ɗinsa a aljihu.